Ranar da Na Yi wa Safiya Kunya a Gaban Lauya

Ƙarshen kaka ne a gida, an gama kai gero rumbu, amma da na sauka Paris sai na tarar da wani irin lokaci da ba mu da sunansa a Damagaram. Ruwan sama ba ya zuba sosai, ba ya kuma ɗaukewa, rana na faɗuwa tun ba a gama wanke kwanonin abincin rana ba. Shekarar nan duka haka ta zo mini. Abu ba ya faɗowa gaba ɗaya in yi kukana in huta, sai dai ya yi ta ɗiga a kaina kaɗan-kaɗan.

Abin da ya kai ni shi ne 'yata ta fari tana gidan kaso. Na ce 'yata, kuma haka zan yi ta rubutawa, don haka ta roƙe ni, ko da yake bakina ya daɗe kafin ya saba. Namiji na haifa, rago aka yanka aka raɗa suna na maza. A unguwarmu ɗan daudu ake cewa, a bi da tsaki. Ta bar gida tana da shekara ashirin da biyu, ta yi shekara tara a Faransa tana kitso a wani shago, a can kowa Safiya yake kiran ta. Wata rana wani mutum ya tare ta a hanya ya kama mata wuya, ta ture shi, ya faɗi ya karye a ƙugu. Shi aka kai asibiti, ita aka yanke mata wata goma sha takwas. Ban ce ba ta ture shi ba. Amma da aka tashi rufe ta, takardarta aka duba, ba a dube ta ba. Takarda ta ce namiji, sai aka kai ta cikin maza.

A Sevran na sauka, gidan Alhaji Isufu, ƙanin marigayi mijina, hawa na tara a wani dogon bene. Ya karɓe ni, ba zan ci amanar tuwonsa ba. Sai dai tun ranar farko ya ce da ni:

"Yaya Rabi, in an tambaye ki, maganin ido kika zo. Muna da mutunci a masallacin nan."

Na ce to. Ni mai cewa to ce tun ina yarinya.

Wadda ta riƙe hannuna a garin ita ce Ladidi, ƙawar Safiya, 'yar Garwa ta Kamaru, ita ma irin halittarsu ɗaya. Alhaji ya hana ta hawa benen, don haka a bakin gar ɗin jirgin ƙasa muke haɗuwa. Doguwa ce, ga jan baki, ga murya. Ranar da ta fara ganina ta dubi takalmina ta tafa hannu.

"Mama! Da wannan silifa za ki shiga sanyin Paris? Wallahi yatsunki za su riga ki komawa Nijar."

Ta cire safar ƙafarta a nan kan benci ta ba ni. Na ji kunyar mutane, na kuma ji ɗumi.

Sati uku na jira takardar izinin ziyara. Da ta fito, muka hau jirgi biyu da bas ɗaya zuwa gidan kason, can kudu da birni inda gidaje suka ƙare. An ce ana iya kai wa ɗaurarre jakar tufafi, sai na haɗa abin da Ladidi ta kwaso daga ɗakin Safiya: zane biyu, kallabi, riguna, da rigar mama. Gandiroban da ke karɓar kaya ya zazzage jakar a kan tebur. Ya ɗaga rigar mama da yatsu biyu, ya kira abokinsa, suka yi dariya. Ladidi ta fassara mini: nan gidan maza ne, kayan mata ba sa shiga. Na tattara su ɗaya bayan ɗaya a gaban matan mutane da ke layi. Tawul kaɗai ya shiga.

Ɗakin ziyarar bai fi makewayi girma ba, tebur ɗaya, kujera biyu. Da aka shigo da ita ban gane ta nan take ba. Wata ƙatuwar rigar maza ce a jikinta, ta naɗe hannu a ƙirji. Gemu ya fara tsiro mata, don tun da aka rufe ta aka tsayar da maganin da take sha shekara da shekaru, wai sai likita ya duba, likita kuwa bai duba ba.

"Inna, kin zo?"

"Na zo."

Shekara tara ban gan ta ba, amma bango na kalla. Haka aka tarbiyyantar da mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zuba masa ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban jama'a. Wadda ta yi haka sai a ce ba ta da kunya, a yi ta ba da labarinta a gidan biki. Ni ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, ko na yanka ko na Paris.

Ta gaya mini su uku ne a ɗakin mutum biyu, ita ce a katifar ƙasa. Ta daina zuwa wurin wanka don a tare ake shiga, sai dai ta jiƙa tsumma a famfon ɗaki in sauran sun fita shan iska. Duk ranar ziyara, bayan mun rabu, maza ne ke tuɓe ta su bincike ta, wani lokaci mai binciken ya kira wasu su zo kallo.

"Yau ma za su yi?"

"Yau ma. Ba komai, Inna, ki dai riƙa zuwa."

Na fito ina tafiya kamar an ɗora mini turmi a ka. Wato zuwana ma kuɗinsa tsiraicinta ne.

Lauyarta wata Baturiya ce ƙarama, kullum da mura. Ta ce za ta nemi a fitar da Safiya daga ɗakin maza a ba ta ɗaki ita kaɗai, amma tana son shaidar uwa, cewa wannan abu ba a gidan kaso aka ƙirƙire shi don neman sauƙi ba. Ranar da za mu je ofishinta Ladidi na wurin aiki, sai Alhaji Isufu ya ce shi zai yi mini tafinta. Ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Lauya ta buɗe bik, alƙalamin rubutunta, ta ce in faɗi sunan wadda na zo dominta. Na sunkuyar da kai. Alhaji ya faɗi sunan yanka da ƙarfi. Ta ce tun yaushe na lura yarona yana rayuwa irin ta mata?

Na sani sarai. Tun tana shekara biyar take ɗaura kallabina ta goya tabarya. Tana shekara bakwai ta fi ni iya kitso. Na san ranar da ubanta ya ɗaure ta a jikin dogon yaro ya zane ta har makwabta suka shigo, da dare ya yi kuma na same ta ta lulluɓa da zanena. Duk wannan yana bakina. Amma ga ƙanin mijina a zaune, yana jan carbi, yana kallon ƙafata.

"Ban lura da komai ba," na ce. "Yaro ne kamar 'ya'yan kowa."

Ta sake tambaya: ina tsoron wani abu ya same ta a inda take?

A garinmu amsar wannan tambaya ɗaya ce ga uwar kirki. Ko ɗanki na fari yana kwance rai a hannun Allah, in dangin miji suka tambaye ki, cewa za ki yi da sauƙi. Su kuma sun san abin da kike nufi, sai su tashi su nemo magani.

"Allah na nan," na ce. "A yi masa yadda ake yi wa kowa."

Lauya ta dube ni ta daɗe, ta rufe bik ɗinta. Ni kuwa na fito ina ganin na yi abin da ya dace, har ina jiran a gane ni.

Alhaji Isufu shekararsa talatin a Faransa. Ya san Bature ba ya jin abin da ba a faɗa ba. Ya san kunyar ɗan fari, uwarsa ta yi wa mijina ita har ta mutu. Kalma biyu zai ƙara ya ce, Madam, al'adarmu ce, ki sake tambayar ta ba a gabana ba. Bai ƙara ba. A cikin jirgi ma cewa ya yi, "Kin kyauta, Yaya. Zama cikin maza shi zai gyara shi." Har yau in na tuna wannan magana sai abinci ya fita raina.

Da na ba Ladidi labari a bakin gar, ta dafa kai da hannu biyu.

"Mama, kin kashe mu! Kunyar Damagaram kika ɗauko a jirgi kika kawo wa Bature? Nan in ba ki yi ihu ba, rubutawa za su yi ba ki da ciwo!"

"To ai ta ga idona."

"Ido? Wa ya gaya miki ana sa ido a cikin dosiye? Takarda, Mama, takarda!"

Lauya ta shigar da roƙon ba tare da shaidata ba. Amsa ta dawo a layi uku: babu ɗaki, kuma babu abin da ya nuna akwai haɗari na musamman.

Ziyara ta biyar aka shigo da ita tana jan ƙafa. Leɓenta ya fashe, haƙori ɗaya na gaba babu, hannun hagu a naɗe. Ta daɗe kafin ta iya zama a kujera, da ta zauna kuma a gefe ɗaya ta zauna. Na haifi 'ya'ya shida, na yi jinyar mata da yawa, ba sai an gaya mini ba.

"Wane ne?"

"An sauya mana mutum a ɗaki. Na buga ƙofa, Inna. Na daɗe ina bugawa."

A ranar ce na fara kallon fuskarta sosai tun tana jaririya. Na ga ashe tana da ɗan tabo a gira irin na mahaifiyata.

A takardarsu faɗa tsakanin ɗaurarru suka rubuta. Faɗa! Mutum ya buga ƙofa har hannunsa ya kumbura, a ce faɗa. Da na dawo sati na gaba, na yi jirgi biyu da bas, na yi layi, sai mai duba suna ya ce babu ita a nan. An ɗauke ta tun shekaranjiya zuwa wani gidan kaso a gefen Lyon, wai don a samu zaman lafiya a bene. Wanda ya yi ɓarnar yana nan a ɗakinsa da katifarsa. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kira lauya. Na zauna a dakalin tashar bas da tawul mai tsabta a cinyata. Wata tsohuwa Balarabiya da ta zo ganin jikanta ta ɓare lemo ta ba ni rabi. Ba mu da harshe ɗaya, mun dai sha lemonmu har bas ta zo.

Alhaji ya ce Lyon ba ya cikin abin da ya ɗauka. Na yi masa godiya, na naɗe tabarmar sallata. Ladidi ce ta yi ta buga waya har ta samo wata Rifkatu, 'yar Najeriya daga Kafanchan, mai karatun zama babbar likitar haƙori, tana zaune a Bron kusa da jami'a. Ladidi ta sa ni a jirgin ƙasa, ta rubuta sunan tashar a bayan hannuna da bik kamar buhun da za a aika.

"In kin ɓata, Mama, ki ɗaga hannu kawai. Kada ki yi wa kowa kunya."

Rifkatu Kirista ce, ɗakinta ɗaya da ɗan madafi. Ta bar mini gado ta kwanta a kujera. Washegarin zuwana ta dawo da wata 'yar butar ban ruwan fulawa mai dogon baki, ta ce ta zaga kanti uku ba ta samu butar alwala ba, in yi haƙuri da wannan. Ta duba alƙibla a wayarta ta manna takarda a bango. Ban ɓoye mata komai ba, don na gaji da maganin ido.

A Lyon ma cikin maza aka sa Safiya, su biyu a ɗaki. Lauyar Paris ta haɗa mu da wani abokin aikinta, ya ce zai sake roƙo, yanzu akwai takardar likita a kan raunukan, amma shaidar uwa za ta ƙara nauyi. Ya ce in faɗa, Rifkatu ta rubuta. Na gwada, bakina ya ƙi. Shekara talatin da ɗaya ba a kwance su a yini guda.

Sai na ce a ba ni kaye, wato littafin rubutu, da bik.

Ina da shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, mu goma sha ɗaya a zauren mai unguwa bayan la'asar. Abin da na sa a raina lokacin shi ne in riƙa karanta takardar asibiti da kaina. Rubutuna manya ne, suna hawa suna sauka. Kwana uku na yi a kan teburin Rifkatu. Na fara da sunan yanka, don shi ke takarda. A ƙarƙashinsa na rubuta Safiya. Na ga ashe hannu ba shi da kunyar da baki ke da ita. Na rubuta kallabi da tabarya, na rubuta dogon yaro da igiya. Na rubuta cewa abin da na faɗa a Paris ba gaskiya ba ne, al'ada ce ta hana ni magana a gaban ƙanin mijina, kuma duk wanda ya san mu ya san haka. Na rubuta cewa ina tsoro, ina tsoro ƙwarai, ba na barci. A ƙarshe na tambaye su abu ɗaya: ku da kuka ɗaga rigarta kuka yi dariya, kun san abin da kuka gani, to me ya sa da dare ya yi kuka rufe ta da maza kuka tafi da mabuɗi?

Rifkatu na fassarawa tana share hanci.

"Mama, wannan ta ƙarshen ta yi zafi fa. In sassauta?"

"A'a, 'yata. Na sassauta sau ɗaya, kin ga abin da ya haifar."

Kwana goma sha biyu muka jira. Kowace safiya sai in hau tiram, ɗan jirgin cikin gari, in sauka in dawo, don zama ya gagare ni. Ran na goma sha uku lauya ya kira: an mayar da ita ɗaki ita kaɗai, a wani bene da ake ajiye waɗanda ake tsoron a taɓa. An kuma ce likita zai dawo mata da maganinta. Na yi sujada a kan tayil ɗin Rifkatu.

Da na je ziyara, leɓen ya warke, ta yi wanka, har ta ɗan gyara gashinta. Amma da ta buɗe baki muryar ba ta fito ba sai da ta yi gyaran murya sau biyu.

"Mura kike yi?"

"A'a. Kwana tara ke nan ban yi magana da kowa ba."

Ashe benen nan kaɗaici ne zalla. Awa ashirin da uku a ɗaki. Awa ɗaya a wani fili mai kamar akurki, da raga a sama, ita kaɗai. Ba aji, ba aiki, ba sallar Juma'a, don duk waɗannan da maza ake yi. Abinci ta ƙofa ake miƙo shi. Irin zaman da ake ba wanda ya yi laifi a cikin kaso, shi aka ba ta a matsayin alheri. Na sa lauya ya tambaya ko ba za a kai ta wajen mata ba. Aka ce sai takardarta ta sauya, takarda kuwa ta Nijar ce, ba mai sauya ta. Abu biyu gare su, in ji su: cikin maza, ko ita kaɗai. Ƙasa mai jirgin da ke gudu kamar iska, mai benaye har sama, a ce duk dabararta ta ƙare a kan abu biyu! Wata goma sha ɗaya ya rage mata, ni kuwa bizata saura kwana biyar.

"Kina so a mayar da ke cikin maza?" na tambaye ta.

"A'a! A'a, Inna. Nan ina barci. Ki dai yi mini magana. Kowace iri ce. Ko labarin akuya ne."

Sai na ba ta labarin akuyar Hajiya Kubura makwabciyarmu, wadda ta shiga zauren yaƙi da jahilci ta cinye allon kwali na harufa tun daga A har M, malama ta ce to, akuya ta riga mu gama rabin littafi. Safiya ta yi dariya har ta rufe gurbin haƙorinta da hannu. Gandiroba ya ƙwanƙwasa ƙofa, lokaci ya cika. Kafin ta tashi ta ce wasiƙa tana shiga, ana buɗewa a duba, amma tana shiga, kuma ba a tuɓe mutum saboda ita.

Washegari da safe na karɓi aron manton Rifkatu, doguwar rigarta ta sanyi, na tafi gidan waya. Na nuna wa matar ambulan, na ɗaga yatsu har sai da ta gane guda hamsin nake so, ɗaya na kowane sati da 'yan ƙari. Na zauna a wani tebur a gefe, kusa da na'urar ɗumama ɗaki, na buɗe kayena. Mutane na shiga suna fita, ni ina ta jan harufana manya-manya. Na fara da labarin gidan farko a layinmu na Damagaram, na ce gida-gida zan bi da ita har mu kai kasuwa.